Ruwan tahliya: abin da ake cirewa da abin da ake mayarwa

A 'yan shekarun nan wata 'yar siririyar na'ura ta shiga gidajen Hausawa a Makka da Jidda. Ana tsoma bakinta a kofin ruwa, lamba ta fito a jikinta. In ta nuna 30 ko 40 sai a ce ai wannan shi ne ruwa. In ta haura 300 sai a ture kofin, a hana yara sha. Samarinmu masu sha'awar kimiyya su suka fi yawo da ita a aljihu, kuma a wurin hirarsu bayan sallar isha'i na fi jin tambayoyin da suka cancanci a zauna a kansu. Me ya sa ba a shan ruwan teku alhali kullum muna cin gishiri a miya? Yaya ake raba gishiri da ruwan da ya riga ya narke a ciki? Me ya sa ruwan da aka tace matuƙa yake lami a baki? Waɗannan tambayoyi sun fi lambar da ke jikin na'urar amfani nesa ba kusa ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane suka ɗauki ƙanƙantar lambar a matsayin lafiyar ruwa, kuma ba a gane kuskuren da ke nan sai an bi ruwan tun daga inda ya taso.

Inda ya taso kuwa teku ne. Saudiyya ba ta da kogi ko ɗaya mai gudu rani da damina, kuma ƙishirwar Makka tsohon zance ce. Sama da shekara 1,200 da suka wuce Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa aka janyo ruwa daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa da Makka saboda alhazai. Jidda ta fi shan wuya, don rijiyoyinta na zartsi ne. A farkon ƙarni na 20, zamanin Daular Usmaniyya, aka kafa mata injin dafa ruwan teku mai aiki da gawayin kwal, wanda tsofaffin garin ke kira Kindasa, daga baya Sarki Abdul'aziz ya ƙaro wasu biyu. A 1947 aka janyo wa garin ruwa daga Wadi Faɗima, a 1974 kuma gwamnati ta kafa hukuma guda don aikin tace ruwan teku kaɗai, aikin da ake kira tahliya. Yau babu ƙasar da ta kai Saudiyya samar da irin wannan ruwa. Mafi yawan abin da ke zuba a famfunan Makka da Jidda da Ɗa'if daga matatun Shu'aiba yake zuwa, kudu da Jidda. Shu'aibar nan ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Halifa Usman ya mayar da ita Jidda, kuma daga gaɓarta sahabbai suka shiga jirgi a hijirar farko zuwa Habasha. Madina na sha daga Yanbu, Riyad kuma daga Jubail da Ras al-Khair a gaɓar Tekun Fasha, inda matatar Ras al-Khair kaɗai ke iya ba da sama da mita kubik miliyan ɗaya a rana. Mita kubik ɗaya lita 1,000 ce.

A yawancin tekunan duniya, kowace lita tana ɗauke da kimanin giram 35 na narkakkun gishirai. Bahar Maliya ta fi haka, wajen giram 40, saboda rana na ƙafar da ruwanta ba ƙaƙƙautawa, babu wani babban kogi da ke zuba mata ruwan daɗi, ƙofarta ta Babul Mandab kuma matsattsiya ce. Ke nan a jarka mai lita 20 akwai gishiri giram 800. Kusan kashi 85 cikin ɗari na wannan sodiyam ne da kulorin, wato sinadaran gishirin miya. Sauran ya haɗa da salfet da magnisiyam da kalsiyam da fotasiyam, su ne ke ƙara wa ruwan teku ɗacin da gishirin girki ba shi da shi.

Amsar tambayar farko a ƙoda take. Jinin mutum yana da gishiri kimanin giram 9 a lita, kuma jiki yana tsare wannan adadi da gaske. In gishiri ya yi yawa, aikin ƙoda ne ta fitar da shi a fitsari, amma ƙarfinta yana da iyaka: ba ta iya cusa fiye da kimanin giram 20 a litar fitsari ɗaya. Wanda ya kwankwaɗi lita guda ta Bahar Maliya ya shigar da giram 40, don haka sai jikinsa ya ba da wajen lita biyu kafin ya rabu da su. Ya sha ɗaya ya yi asarar biyu. Shi ya sa mutumin da jirgi ya kife da shi a tsakiyar teku yake iya mutuwa da ƙishirwa, in kuma ya sha sai ajalin ya ƙara matsowa. Gishirin miya ba ya jawo wannan saboda ɗan kaɗan ne, kuma muna bin sa da ruwan daɗi.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, a nan ne ilimin sinadarai yake da abin cewa. Iyayenmu da suka taso a ƙasar Hausa sun san yadda ake gyara ruwan tafki: a jefa alimun ko dakakkun 'ya'yan zogale, laka ta dunƙule ta kwanta, a tsiyaye na sama. Wani yaro ya tambaye ni, "Kawu, to me zai hana a yi wa ruwan teku haka?" Dalili shi ne laka ba ta narke ba, ƙananan ɓarɓashi ne ke yawo a cikin ruwan, alimun kuma yana sa su manne da juna har su yi nauyi. Gishiri kuwa in ya narke ya daina zama ɓarɓashi kwata-kwata. Yana wargajewa har zuwa ƙwayoyin zarra, sodiyam ɗauke da caji mai alamar tarawa, kulorin ɗauke da mai alamar ɗebewa. Ita kuma ƙwayar ruwa, wadda ta ƙunshi oksijin ɗaya da haidurojin biyu, a lanƙwashe take, ɓangaren oksijin yana da ɗan cajin ɗebewa, ɓangaren haidurojin yana da ɗan na tarawa. Saboda haka kowace ƙwayar sodiyam sai ƙwayoyin ruwa su kewaye ta su riƙe, haka ma kulorin. Babu tsumma ko yashi ko gawayin da zai tare abu mai wannan ƙanƙanta, kuma ko shekara aka bar ruwan a ajiye gishirin ba zai kwanta ba. Manyan hanyoyi biyu ake bi: ko a fizge ruwan da zafi a bar gishirin, ko a tura shi da ƙarfi ta wata kafa da gishirin ba zai iya bi ba.

Hanyar zafi ita ce ta Kindasa. A tafasa ruwa, tururi ya tashi ba tare da gishiri ba, a sanyaya shi ya koma ruwa. A faɗe da sauƙi, amma tana cin wuta fiye da yadda mutum zai zata. Ƙarfin da ake bukata don mayar da tafasasshen ruwa tururi ya ninka wanda ake bukata don kai shi ga tafasa tun daga sanyinsa kusan sau bakwai, saboda ƙwayoyin ruwa suna riƙe da juna tamau kuma sai an ɓalle wannan riƙon kafin su tashi. In da a tukunya ɗaya za a yi wa birni kamar Jidda wannan aiki, man fetur ɗin da za a ƙona zai fi ruwan tsada.

Dabarar da ta ceci wannan hanya ta fito ne a ƙarshen shekarun 1950, kuma ana danganta ta da wani injiniya ɗan Sikotilan, Robert Silver. Tushenta abu ne da mazauna Ɗa'if ke gani a girkinsu: a can, saboda tsawon dutse, iska ba ta danna ruwa kamar yadda take yi a bakin teku, sai ya tafasa a wajen digiri 94 maimakon 100. Rage matsi yana sauko da zafin tafasa. Don haka ake ɗumama ruwan teku sau ɗaya zuwa digiri 90 ko 110, a tura shi cikin jerin ɗakunan ƙarfe, sau da yawa kusan ashirin, kowane ɗaki matsinsa bai kai na wanda ya gabace shi ba. Da ruwan ya shiga ɗaki sai wani kaso ya tashi tururi nan take, ragowar ta wuce gaba ta sake tashi. Tururin yana komawa ruwa ne a jikin bututun da ke ɗauke da sanyin ruwan teku mai shigowa, ta haka zafin da ya saki ba ya tafiya a banza, yana ɗumama na baya. Galibi ana gina irin waɗannan matatu jikin tashoshin lantarki don a mori ragowar tururinsu. Abin da ke hana a ƙara zafi fiye da haka shi ne wasu gishiran kalsiyam suna da wata ɗabi'a saɓanin sukari: da zafi ya ƙaru sai su ƙi zama a narke, su daskare a jikin bututu su toshe shi.

Hanya ta biyu, wadda yanzu kusan duk sabbin matatu ke bi, ta fi ban sha'awa a wurina. Duk macen da ta taɓa barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko kokwamba ta ga farkonta: jim kaɗan sai ruwa ya tsattsafo. Fatar ƙwayoyin albasar tana barin ruwa ya ratsa amma tana tare gishiri, ruwa kuma a kullum yana ratsawa ne daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa. Masana na kiran wannan osmosis. Wani malamin coci Bafaranshe, Jean-Antoine Nollet, ya bayyana shi a 1748 da gwajin da ya yi da mafitsarar dabba, kuma mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel a fannin sinadarai, a 1901, ɗan ƙasar Holan Jacobus van 't Hoff, ya same ta ne a wani ɓangare saboda lissafin ƙarfin wannan tsotso. In aka raba ruwan daɗi da ruwan teku da irin wannan tantani, ruwan daɗin zai rinƙa kutsawa ɓangaren gishiri da ƙarfin da ya ninka matsin iskar da ke kanmu kusan sau 27, a Bahar Maliya ma ya ɗara haka.

To idan aka danna ɓangaren gishirin da ƙarfin da ya fi wannan, sai tafiyar ta juya: ruwa ya baro gishiri ya ratsa zuwa ɓangaren daɗi. Haruffan RO da ake gani a jikin filtar gida da shagunan tahliya wannan juyin suke nufi. A matatun teku ana danna ruwan da matsi ninki 55 zuwa 70 na iska. Don a ji girman abin: matsi ninki 60 daidai yake da nauyin ruwan da aka tsayar a bututu mai tsawon mita 600, wato tsawon Hasumiyar Agogo da ke gaban Harami tun daga ƙasa har jinjirin watan da ke samanta.

An daɗe da sanin wannan a takarda, abin da aka rasa shi ne tantanin da zai jure matsin kuma ya bar ruwa ya wuce da yawa. Wajen 1960 Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, suka ƙera wanda fatarsa ta sama siririya ce ƙwarai, ƙasanta kuma soso ne mai tallafe ta. A shekarun 1970 John Cadotte ya fito da wanda aka fi amfani da shi yau, na wani nau'in roba da ake kira foliyamaid. Fatar da ke yin ainihin aikin kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita ba. Ƙwayoyin ruwa suna kutsawa tsakanin zaren robar ɗaya bayan ɗaya, sodiyam da kulorin kuwa, da cajinsu da rigar ruwan da ke lulluɓe da su, ba sa samun shiga, sama da kashi 99 cikin ɗari ake tarewa. Ana naɗe faifan tantanin a cusa cikin dogayen bututu, dubbai a matata guda.

Samarinmu kan tambaya ko wata rana za a ƙirƙiro abin da zai sa tace ruwan teku ya zama kyauta. Ba za a yi ba. A shekarun 1970 ana kashe sama da kilowat-awa 15 na lantarki a kan kowace mita kubik. Yau matata mai kyau tana kashe 3 zuwa 4, musamman saboda na'urorin da ke karɓe matsin ruwan da ake zubarwa su miƙa wa mai shigowa. Amma akwai ƙasan da ba a wucewa. Gishiri da ruwa da kansu suke cakuɗuwa, raba su kuwa dole sai an biya da ƙarfi, kuma lissafi ya nuna in za a ciro rabin ruwan teku a matsayin ruwan daɗi, mafi ƙarancin abin da za a kashe a kan kowace mita kubik kimanin kilowat-awa ɗaya ne, komai kyawun injin. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne inda lantarkin zai fito, mai da gas ko hasken rana.

Sannan akwai rabin da ba a sha. Daga kowace lita 100 da matatar RO ta zuƙo, 40 zuwa 50 ne ke zama ruwan sha; ragowar tana komawa teku da gishirin da ya kusa ninkawa, tare da ɓurɓushin magungunan da aka sa don hana bututu toshewa. Wannan ruwa ya fi na teku nauyi, sai ya gangara ƙasa inda ciyayi da ƙananan halittu suke. Wani nazari da wata cibiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa matatun duniya na fitar da irin wannan ragowa mita kubik miliyan 142 a kullum, sama da kashi ɗaya cikin biyar daga Saudiyya. Bahar Maliya tana da murjanin da ba a samun irinsa a ko'ina, kuma ina ganin duk mai buɗe famfo a nan ya kamata ya san cewa wankin tsakar gida da tiyo na rabin awa yana da farashi a can ƙarƙashin teku, ko da takardar kuɗin ruwa ba ta nuna ba.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne zuciyar maganata. Ruwan da ya fito daga matata, ko ta zafi ko ta tantani, ba a tura shi gari a haka. Ya yi tsabtar da ta zama matsala. Ruwan da babu komai a cikinsa yana narkar da abubuwa da yawa in ya taɓa su: yana cin simintin da aka shafe cikin manyan bututu da shi, yana sa ƙarfe tsatsa, yana iya kwaso tagulla da dalma daga kayan famfo. Saboda haka bayan an kashe maƙudan kuɗi an cire ma'adinai, sai a dawo da wasu da gangan. Ana zuba wa ruwan iskar kabon dayoksaid ya ɗan yi tsami, a bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa, ya narkar da kalsiyam daidai gwargwado. Wannan ne ke kare bututu, shi ne kuma ke ba ruwa ɗanɗanon da harshe ya saba da shi. Farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi wannan kalsiyam ɗin ne: zafi ya kori iskar, farar ƙasar ta koma yadda take. Ba dauɗa ba ce, ruwan lemon tsami ko kal yana narkar da ita.

Kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, wanda aikinsa daban yake da na cikin gishiri, shi ma ana wasa da shi sau uku. Ana sa shi a mashigar ruwa don ya kashe ƙwayoyin da za su yi gansakuka, a cire shi kafin ruwan ya isa tantanin foliyamaid domin yana cinye shi, a sake sa shi a ƙarshe don ya raka ruwan har gida. Akwai kuma boron, wanda ke cikin ruwan teku kimanin miligiram 5 a lita. Shi ba ya ɗauke da caji a yanayin ruwan teku, don haka yakan sulale ta cikin tantanin fiye da gishiri. Matatu da yawa sai sun sauya ma'aunin tsamin ruwan sun sake tace shi karo na biyu saboda shi.

Mu dawo kan 'yar na'urar. Ba ta ƙirga dauɗa, ba ta ganin ƙwayar cuta. Abin da take aunawa kawai shi ne yadda ruwa ke ɗaukar lantarki, ta juya shi zuwa ƙiyasin miligiram nawa na narkakken ma'adini ke cikin lita. Duk abin da ba shi da caji ba ta san da shi ba. Zuba cokalin sukari a kofi ka gwada, lambar da kyar za ta motsa. Ruwan da ke cike da ƙwayoyin zawo zai iya nuna 40. Dalma, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar dutsen zinariya, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mata a ruwan sha ita ce kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram a lita. Ko ta ninka haka sau goma, na'urar ba za ta ƙara ko ɗaya ba. Game da jimillar ma'adinai kuwa, abin da hukumar ta ce shi ne ruwan da bai kai 600 ba yana da daɗin sha, wanda ya haura 1,000 yakan fara gundurar baki, kuma maganar ɗanɗano take yi. Ruwan Zamzam kansa, da yake ratso duwatsu ya kwaso kalsiyam da magnisiyam da sauransu, ɗaruruwa yake nunawa, kuma babu wanda zai ture kofinsa.

Akwai masu cin kasuwa da wannan rashin sani, na kuma gani da idona a gidan gwaggona. Wani mai tallar filta ya zo da wata na'ura mai sanduna huɗu, ya cika kofi biyu, ɗaya da ruwan famfon gidan, ɗaya da ruwan da ya zo da shi, ya tsoma sandunan ya jona wuta. Kafin minti ɗaya kofin famfo ya fara kumfa, ya yi ɗumi, wani jan ƙasa-ƙasa mai haɗe da kore ya taso ya lulluɓe samansa. Nasa kofin kuwa ya zauna garau. Ya ɗaga ya ce, "Hajiya, dubi abin da jikokinki ke sha." Tsohuwar ta dafe ƙirji tana salati. Jikanta da ke ajin ƙarshe a sakandare ya ce, "Hajiya, bari in ɗauko gishiri a kicin." Ya sa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka a kofin mai tallar, ya roƙe shi ya sake jonawa. Nan da nan shi ma ya rine. Jan abin nan daga sandar ƙarfen yake fitowa: lantarki na narkar da ƙarfen, ya haɗu da ruwa ya zama tsatsa. Ruwan da ke da ma'adini yana ɗaukar wuta, sai sandar ta narke. Wanda aka tace ba ya ɗauka, sai ya zauna fes. Gwajin bai nuna komai game da lafiyar ruwan ba. Abin da ya ɓata min rai shi ne tsoron da aka jefa a zuciyar tsohuwa don a sayar mata da kaya.

Ba ina cewa filtar gida ba ta da amfani ba ne, ko na'urar a jefar da ita. Wanda ke da filtar RO, na'urar za ta gaya masa ranar da tantanin ya mutu, don lambar za ta fara hawa. Wanda kuma ya saba ganin 150 a famfonsa, ya wayi gari ya ga 900, ya bincika, ruwa ba ya tsami banza. Mai yiwuwa ruwan ƙasa mai zartsi ne ke shiga tankinsa. Sai dai mai sa filta a kan ruwan da aka riga aka tace ya sani cewa yana cire kalsiyam ɗin da aka mayar ne, yana cire kulorin, yana kuma zubar da lita da yawa a kan kowace litar da ya samu, kuma filtar da aka bari ba a canja ba takan zama gidan ƙwayoyin cuta ita kanta.

Inda haɗarin ya fi yawa a unguwanninmu shi ne 'yan mitocin ƙarshe. Yawancin gidaje suna da tanki a ƙasa da wani a kan rufi, ko ruwan ya zo ta bututu ko motar wayit, wato tankar ruwa, ta kawo. Kulorin ɗin da ya rako ruwan, wanda ake so kada ya gaza miligiram 0.2 a lita a wurin sha, yana gushewa da zafi da daɗewa, tankin rufi kuwa a watannin bazara ruwansa har ƙona hannu yake. In murfi a buɗe yake, ƙura da kyankyasai suna shiga, haske kuma yana raya gansakuka. A tsofaffin gidajen haya tankin ƙasa yakan tsage, wani lokaci ga ramin shadda a kusa. Ɗan warin kulorin da wasu ke ƙyama a ruwan famfo alama ce cewa har yanzu akwai mai tsaronsa. Rashinsa gaba ɗaya ya fi cancantar a damu. Akwai 'yan takardun gwajin kulorin masu arha da ke canja launi in an tsoma su, su suka fi dacewa da aljihun samarinmu.

Wankin tanki kuma yana da nasa sinadaran da ya wajaba a sani, musamman da yake 'yan'uwanmu da yawa ne ke shiga wannan aiki don neman na abinci. Bilic da ake wanki da shi da ruwan wanke banɗaki mai asid ba sa haɗuwa. In suka haɗu suna sakin iskar kulorin tsantsa, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi sau biyu da rabi, don haka a gindin tankin take taruwa, daidai inda mai wankin yake durƙushe. A yi amfani da bilic kaɗai, a tsarma shi da ruwa sosai, a bar murfin a buɗe iska ta shiga, a tsayar da mutum a bakin tankin har mai wankin ya fito, sannan a ɗauraye a zubar kafin a sake cikawa.